Rosalba Carriera: Matar Da Ta Zana Sarakunan Turai A Kan Hauren Giwa, Da Sarkin Da Ya Tara Zanenta 157

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba, da waɗanda dama karatu suka fi so. Yadda na faɗa haka na rubuta, sai ɗan gyara nan da can.

Bari in fara da wani abu da ya faru a shekarar 2023 a Ingila. Akwai wani tsohon gidan attajirai a yankin Cheshire da ake kira Tatton Park, wanda yanzu ya zama wurin yawon buɗe ido. A ɗakin ajiyar gidan akwai zanen wata budurwa da ya yi shekaru a jingine, ba a nuna wa kowa, saboda an ɗauka kwafi ne kawai. Sai wani masanin zane daga gidan tarihin Frick na birnin New York, mai suna Xavier Salomon, ya ce a sake dubawa. Da aka buɗe bayan zanen, sai ga wata 'yar takarda an cusa ta a ciki, ɗauke da hoton masanan nan uku da Kiristoci ke cewa sun zo daga gabas suka ziyarci Annabi Isa (AS) yana jariri. Mu da mun gani, cewa za mu yi laya ce. To ashe akwai wata mai zane a birnin Benis da ta saba saka irin wannan takarda a bayan zanenta idan za ta tura shi wata ƙasa. Masanan nan matafiya ne, ita kuma tana fatan kayanta su isa lafiya. Takardar tana daga cikin abubuwan da suka sa aka tabbatar cewa zanen na asali ne, kuma aikin Rosalba Carriera ne.

Yau labarinta za mu yi, da labarin mutanen da suka haukace a kan tara aikinta.

An haifi Rosalba a Benis, birnin nan na Italiya da ke kan ruwa, inda kwalekwale ne motar haya, a watan Janairun 1673. Mahaifinta Andrea ƙaramin ma'aikaci ne, irin akawun nan mai albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Mahaifiyarta Alba kuma saƙar leshi take yi. Eh, leshi dai da kuka sani, sai dai na wancan zamanin da hannu ake yin sa, da allura, kuma Benis ta yi suna a kansa. 'Ya'yansu uku ne, duk mata: Rosalba, Giovanna da Angela. Masu rubuta tarihinta na cewa aikin farko da Rosalba ta yi shi ne zana wa mahaifiyarta fasalin adon da za a bi a saƙa. Ku lura da wannan, domin wanda ya saba zana furen da bai kai ƙwayar gero ba, hannunsa ya riga ya koyi haƙuri.

Daga nan sai taba ta shigo. A lokacin, shaƙar garin taba ita ce yayin manya a Turai, maza da mata. Kowane mai ji da kansa yana da batta, kuma batta ce ke nuna matsayinka, kamar yadda yanzu ake kallon wayar da ka ɗora a kan tebur. Benis kuwa cike take da baƙi masu kuɗi, musamman 'ya'yan manyan Ingila da ake turowa yawon buɗe ido a Italiya kafin su koma gida su gaji iyayensu. Kowa na son tsaraba. Sai Rosalba ta fara zana ƙananan hotuna a murfin batta. Da yake wasu battocin na hauren giwa ne, a nan ta gano abin da ya canza sana'ar gaba ɗaya.

To bari mu ɗan koma baya, don ku gane me ake nufi da ƙaramin hoton fuska. Kafin a ƙirƙiro kyamara, idan kana son ganin fuskar wanda ba ya kusa, sai dai a zana maka. Babban zane a bango yake zama, ba ya shiga aljihu. Don haka tun wajen shekarun 1520, a fadar Faransa da ta Ingila, aka fara yin 'yan ƙananan hotuna, wasu kamar tafin hannu, wasu ma ba su fi hoton fasfo ba. Ana sa su a cikin ɗan gida na zinari, a rataya a wuya ko a ɓoye a cikin riga. Miji zai yi tafiya ya bar wa matarsa, uwa ta riƙe na ɗanta da ya tafi yaƙi. Har neman aure ake yi da su. A 1539, da Sarki Henry na Takwas na Ingila ke neman mata ta huɗu, mai zanensa Holbein ya tura ya zano masa Anne ta Cleves. Ya ga hoto ya amince, da amarya ta iso kuma ya ce sam ba haka ya zata ba, auren bai wuce wata shida ba. Kun ga matsalar hoton da aka gyara ba yau ta fara ba.

A wancan lokacin a kan fatar ɗan maraƙi ake zanen, wadda aka jeme ta yi laushi kamar takarda, sannan a liƙa ta a jikin katin karta don ta yi ƙarfi. Haka aka yi ta yi kusan shekara ɗari biyu. Rosalba na cikin na farko-farkon da suka bar fata suka koma hauren giwa, kuma ita ce ta sa abin ya karɓu. Ba abu ne mai sauƙi ba fa. Haure yana da santsi da maiƙo, idan ka ɗora masa launin da aka dama da ruwa sai ya dunƙule ya zame, kamar ka zuba ruwa a kan ganyen gwaza. Sai an kankare shi, an cire maiƙon, sannan a riƙa ɗiga launi da bakin burushi kaɗan-kaɗan. Amma ladan wahalar shi ne haure yana da wani haske daga cikinsa. Sai ta riƙa lafta launi mai kauri a wajen tufafi da bango, a wajen fuska da wuya kuma ta shafa ɗan kaɗan ta bar hauren da kansa ya zama fatar mutum. Turawa suka ga fuska tana sheƙi kamar mai rai. Kafin ka ce kwabo an fara kwaikwayonta, a Ingila wani mai suna Bernard Lens ya fara zane a kan haure tun wajen 1707, daga baya kuma haure ya kori fata kwata-kwata.

A 1705 ƙungiyar ƙwararrun masu zane ta San Luca da ke birnin Rum ta karɓe ta a matsayin mamba, wani abokinta Bature ɗan Ingila mai suna Christian Cole ne ya yi mata hanya. Abin da ta tura musu a matsayin shaidar gwaninta ƙaramin hoto ne na wata yarinya riƙe da kurciya. Bayan 'yan shekaru Sarkin Danmak, Frederick na Huɗu, ya zo Benis, ya zauna ta zana shi, sannan ya ce ta zana masa kyawawan matan garin ya tafi da su gida. Hotunan fa nake nufi.

Amma abin da ya kai ta ƙololuwa wani abu ne daban, wato allin launi, wanda Turawa ke kira fastel. Garin launi ne zalla, a ɗan haɗa shi da danƙo kaɗan, a mulmula shi kamar allin makaranta. Ba mai, ba ruwa, ba jiran ya bushe. A kan takarda ake gogawa, a murza da yatsa. Kafin ita, yawanci gwaji ake yi da shi kafin a yi zanen gaske da fenti. Ita ce ta nuna cewa za a iya gama hoton mutum sukutum da shi, har ya fi na fenti taushi: hodar fuska, gashin da aka barbaɗa wa farin gari, siliki, leshi, duk sai su fito kamar ka taɓa. Ga kuma sauri. Baƙon da zai yi sati biyu a Benis ba shi da lokacin zaman wata guda gaban mai fenti. Wajen Rosalba kuwa 'yan zama kaɗan ne an gama. Ni a ganina wannan lissafin kasuwa ne tsantsa, kuma ba abin kunya ba ne. Mace ce da ke ciyar da gida, ba ta taɓa aure ba, ba ta da uban gida ɗaya da ke ba ta albashi. Da kanta take amsa wasiƙun masu saye, tana rubuta wa ya biya, wa ake bi. Wasiƙun nan da littattafan ajiyar bayananta suna nan a wani ɗakin karatu a birnin Florence, wata masaniya Bernardina Sani ta buga su a 1985, shi ya sa muka san rayuwarta fiye da ta yawancin matan da suka yi zane a zamaninta.

A 1720 wani hamshaƙin attajiri mai tara zane, Pierre Crozat, ya gayyace ta Faris. Mahaifinta ya rasu shekara guda kafin nan, sai ta kwashi mahaifiyarta da 'yan uwanta, har da mijin Angela, Pellegrini, wanda shi ma mai zane ne. Kusan shekara guda ta yi a can, kuma manyan Faransa layi suka riƙa yi a ƙofarta. Ta zana Sarki Louis na Sha Biyar yana ɗan shekara goma. Ta zana Watteau, babban mai zanen Faransa na lokacin, 'yan watanni kafin ya mutu a 1721. A watan Oktoban 1720 ƙungiyar masu zane ta masarautar Faransa ta karɓe ta, alhali tun 1706 ƙungiyar ta yanke cewa ta daina ɗaukar mata.

Wani abin dariya, ko in ce abin tausayi: ta iso Faris daidai lokacin da harkar John Law ke rushewa. Wannan mutumin ɗan Sikotilan ne da ya kafa banki da kamfanin Mississippi, ya sa mutanen Faransa suka yi ta sayen hannun jari farashi na ta hauhawa, har abin ya fashe a 1720, dukiyar jama'a ta narke. Idan kun tuna irin harkokin zuba kuɗin nan na intanet da ke tafiya da kuɗin mutane, to kakansu ke nan. Pellegrini ya samu kwangilar zana rufin wani babban zaure a bankin, ya yi aikin, ba a daɗe ba aka rushe shi. Ita kuwa surukarsa da 'yan allunanta ta koma Benis a 1721 da suna da kuɗi. Daga baya ta je Modena a 1723 ta zana 'ya'yan sarkin garin mata, hotunan da za a aika wa masu neman aure, ta kuma je fadar Biyana a 1730. Ban da irin waɗannan tafiye-tafiye, a gidanta da ke bakin babbar mashigar ruwan Benis ta zauna, duniya ce ke zuwa wajenta.

Yanzu mu zo kan masu tarawa, domin a nan labarin yake da daɗi.

Akwai Joseph Smith, ɗan kasuwar Ingila da ya zauna a Benis har ya zama ƙaramin jakadan ƙasarsa. Shi dillali ne kuma mai tarawa, yana haɗa ta da masu saye yana kuma ajiye nasa. A 1762 ya sayar wa Sarki George na Uku tarin kayansa, shi ya sa har gobe akwai aikin Rosalba a taskar gidan sarautar Ingila.

Amma babu wanda ya kai Augustus na Uku, mai mulkin Saxony a Jamus kuma Sarkin Folan. Tun yana yarima ya zo Benis ya zauna ta zana shi, daga nan abin ya shiga ransa. Da ya hau mulki a 1733 sai ya baza wakilai, duk inda aka ji akwai zanen Rosalba a saya. Fuskokin sarakuna, mawaƙa, 'yan rawa, hotunan addini, da irin zanen nan da ake wakilta wani abu da fuskar mace, kamar lokutan shekara huɗu ko nahiyoyi huɗu. A cikin na nahiyoyin akwai Afirka, an yi ta baƙar mace da rawani, wato Afirka yadda mutumin Benis ke hasashenta. A ƙarshe sai da ya tara guda 157. A wajen 1746 aka ware musu zaure guda a gidan zanensa na Dresden, aka sa wa zauren sunanta. Ku tsaya ku yi tunani: mutumin nan shi ne ya sayi zane ɗari daga taskar sarkin Modena a lokaci guda, shi ne ya kawo shahararren zanen Raphael na Maryamu da jariri zuwa Dresden a 1754. Yana da aikin manyan mazan Italiya jibge, amma 'yar mai saƙar leshi ce ya yi wa ɗaki da sunanta, tana raye.

Ana yawan zargin Augustus da cewa ya bar wa ministansa Brühl mulki ya koma tara zane da kallon wasan waƙa, kuma zargin yana da ƙamshin gaskiya. A 1756 Prussia ta mamaye Saxony, ya gudu Warsaw, bai dawo ba sai 1763, shekarar da ya mutu. Ni dai ba zan kare shi a matsayin sarki ba. Amma a matsayin mai tarawa ya yi wani abu da ya amfani na baya. Zanen alli ba ya son tafiya. Garin launin a saman takarda kawai yake zaune, ba a shafa masa man kariya kamar zanen fenti, girgiza kaɗan sai ya zube, danshi ya sa masa fumfuna. Duk wanda ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, lalacewa yake yi. Waɗanda aka tara wuri guda a bayan gilashi su suka fi tsira.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin nan shi ne, a daidai shekarun da ake jera zanenta a Dresden, idonta ya fara mutuwa. Dama Giovanna, ƙanwarta kuma abokiyar aikinta ta kullum, ta rasu a 1737, abin ya karya mata zuciya. Sai ga yana ta rufe mata ido. Aka yi mata aiki, irin aikin idon wancan zamanin da ba allurar kashe zafi, ta ɗan gani na wani lokaci, sannan duhu ya dawo gaba ɗaya. Akwai hoton kanta da ta zana a wajen 1746, yana gidan zanen Accademia a Benis. Matar da ta yi shekara hamsin tana ƙara wa fuskokin mutane kyau, da ta zo kan tata fuskar ba ta gyara komai ba: tsohuwa, furfura, baki a tsuke, ido ɗaya ya riga ya fara kaucewa. Ta rasu a watan Afrilun 1757 tana da shekara 84, bayan ta yi shekarunta na ƙarshe ba ta gani.

Bayan mutuwarta yayi ya juya. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya sa aka riƙa kallon hotunan masu hoda da siliki a matsayin kayan shagalin azzalumai, Napoleon ya kawo ƙarshen jamhuriyar Benis a 1797, sannan a 1839 hoton kyamara ya fito ya kashe kasuwar ƙananan hotuna cikin 'yan shekaru. Tarin Dresden ma ya zaizaye, wasu aka sayar, wasu suka salwanta. Zanen gidan ya ga yaƙin duniya na biyu, an kwashe shi zuwa Tarayyar Sobiyet a 1945, aka dawo da shi a tsakiyar shekarun 1950. Yau guda 73 ne suka rage na Rosalba a can, kuma duk da haka babu inda ya kai su yawa a duniya. A 2023 sun yi mata baje koli na cika shekara 350 da haihuwa.

To mai son tara irin waɗannan kaya a yau, da me zai yi karo?

Babbar matsalar ita ce wa ya yi. Rosalba ba ta saba sa hannu a aikinta ba. Kuma gidanta masana'anta ce: idan hoto ya yi farin jini, masu saye da yawa za su ce suna so, sai a yi kwafi biyu, uku, huɗu. Wani ita ta yi, wani Giovanna, wani ɗalibanta irin su Felicita Sartori, wadda daga baya ta yi aure ta koma Dresden. Ga kuma masu kwaikwayo na waje da suka cika Turai. Saboda haka idan ka ga an rubuta sunanta a takardar gwanjo, karanta da kyau. Akwai bambanci tsakanin a ce aikinta ne, da a ce ana danganta shi da ita, da a ce daga ɗakin aikinta ya fito, da a ce an yi shi a salonta. Kowace kalma a nan kuɗi ce mai yawa. Masana kan bi tarihin hannayen da zanen ya ratsa, su duba takarda da katakon baya, su nemi ambatonsa a wasiƙunta, idan an yi sa'a kuma a tarar da 'yar takardar nan ta masana uku. Abin da ke ba ni haushi shi ne Giovanna. Ta yi shekaru tana aiki kafaɗa da kafaɗa da yayarta, tabbas akwai aikin hannunta rataye a gidajen tarihi, amma da sunan Rosalba. Fuskarta dai mun san ta, domin a hoton kanta da ke gidan zanen Uffizi na Florence, Rosalba ta zana kanta riƙe da hoton Giovanna.

Wannan ma da sauƙi idan aka kwatanta da Levina Teerlinc, wadda ta riga Rosalba da fiye da shekara ɗari. Ta yi wa fadar Ingila ƙananan hotuna tun daga zamanin Henry na Takwas har zuwa Elizabeth ta Ɗaya, ana biyanta fam 40 a shekara, fiye da abin da aka biya Holbein. Takardun albashinta suna nan, amma babu hoto ko ɗaya da ke ɗauke da sa hannunta, duk waɗanda ake cewa nata ne hasashen masana ne.

Sai kuma kula da kayan. Hauren da aka yanka siriri yana numfashi, idan iska ta bushe sai ya lanƙwashe ya tsage. Ina tunanin abin da hunturunmu zai yi masa cikin sati guda. Hasken rana kuma yana cinye jan launi, shi ya sa za ka ga tsofaffin hotuna da yawa fuskokin sun yi fari fat kamar marasa lafiya, alhali ba haka aka zana su ba. A gidajen tarihi a cikin aljihun tebur ko a ɗaki mai duhu-duhu ake ajiye su.

Na ƙarshe shi ne hauren kansa. Kowane ɗayan hotunan nan daga bakin giwa ya fito, kuma kaso mai yawa na hauren da Turai ta yi amfani da shi daga Afirka aka kai shi. Ko a ƙarni na 19, haure na cikin kayan da ayarin Kano ke ketara Sahara da su zuwa Tarabulus, tare da fata da gashin jimina. A 1989 aka haramta cinikin hauren giwar Afirka tsakanin ƙasashe. Birtaniya ta yi doka mai tsauri a 2018, wadda ta fara aiki a watan Yunin 2022, ta hana saye da sayar da kusan duk abin da ke da haure a jikinsa. Amma ta yi togaciya ga ƙananan hotunan fuska, muddin an yi su kafin 1918, faɗinsu bai wuce murabba'in santimita 320 ba, kuma an yi musu rajista. Wato ko da ka samu na gaske, ka kuma iya kuɗinsa, ba za ka jefa shi a jaka ka hau jirgi ba sai da takardun izini na ƙasar da zai fita da wadda zai shiga.

A nan za mu dakata. Wanda ya samu dama ya nemi hoton nan nata na Accademia a intanet ya kalli idanun da kyau, sai ya gaya mana abin da ya gani. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.